Amsa ga Hajiya kan gwajin basira

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce wani gwaji na waya ya ba ɗanki maki 85, kina tambaya ko daƙiƙi ne, kuma ko da gaske ana iya auna basira. Na daɗe ina koyarwa a firamaren ƙauyukan Ringim, ga abin da na sani.

Masanan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Alfred Binet, wanda ya fito da irin wannan gwaji a Faransa a 1905, so yake a gano yaran da ke bukatar ƙarin kulawa a aji, ba a yanke musu hukunci ba. A Ingila an kafa kwamiti a 1932 ya duba ko abin da mutum ke ji, kamar ƙarfin ƙara a kunne, yana aunuwa. Har 1940 ba su daidaita ba. Sai wani Ba'amurke, Stevens, ya ce a 1946 duk abin da aka ba lamba bisa ƙa'ida, to an auna shi. Ni dai wannan bai shige ni ba. Tiya biyu ta gero a kasuwar Gujungu, in aka ƙara biyu, huɗu ce ko wa ya auna. Amma ba mai iya rantsuwa cewa mai 140 ya ninka mai 70 basira. Lambar jera yara kawai take, wane gaba wane baya, a kan tambayoyin ranar.

Sannan tambayoyin, don wa aka tsara su, da wane harshe? Na taɓa koyar da wani yaro daga rugar Fulani, rabawa a allo takan gagare shi, har ya riƙa sunkuyar da kai in na ɗauki alli. Amma da yamma kallo ɗaya yake wa garke ya ce wance ba ta dawo ba, ya kuma faɗi inda ta maƙale. Wane gwaji ke tambayar wannan?

Ban ce aikin banza ba ne. In ƙwararre ya yi shi da harshen yaro, yana nuna inda ake bukatar taimako. Na waya kuwa, wasa ne. Ko a na gaskiyar, matsakaici 100 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane tsakanin 85 da 115 suke.

Ki sa a duba masa ido da kunne tukuna, ki kuma tambayi malaminsa inda yake zama a aji.