Turancin injiniya ba a haddace shi kamar karatun allo

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da dare: ka samu gurbin karatun injiniyan kanikanci a kwalejin fasaha, Turancinka bai taka kara ya karya ba, kuma wani ya turo maka jerin kalmomi kusan 500 ya ce ka haddace kafin a fara lacca, shi ne kake son sanin ko wannan ce hanya. Da farko barka da arziki, Allah ya sa a gama lafiya. Ni na yi shekaru a ɗakin gyaran injuna na wata masana'anta a Kano, yanzu kuma ina da ɗan shagon walda da ƙere-ƙere, don haka abin da zan faɗa maka daga hannu ya fito.

Jerin nan ka ajiye shi, kada ka yar, amma kada ka ɓata dare a kansa. Manyan kalmomi irin su "metallurgy" ko "thermodynamics" ba su taɓa ba ni wahala ba. Su baƙi ne da suka zo da rawaninsu, kana ganinsu ka san ba ka san su ba, sai ka tambaya. Waɗanda suka kayar da ni su ne ƙananan kalmomin da na sani tun sakandare, na ɗauka mun saba, ashe da suka shiga masana'anta sun sake riga.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Lokacin da nake aikin sanin makama, shugaban sashenmu ya miƙo mini takardar zanen wani ɗan ƙarfe na huda faranti, a ƙasa an rubuta "harden and temper". Kalma ta farko na gane, a taurara. Ta biyun kuwa ni a sanina fushi take nufi, kamar yadda ake cewa wane mai saurin fushi ne. Girman kai ya hana ni tambaya. Na gasa ƙarfen ya yi jajir, na tsoma shi a mai, na goge, na kai. Bugu na uku ya tarwatse kamar kwalba, ɓarɓashinsa ya wuce ta gefen kunnen wani abokin aiki. Allah ne ya kiyaye. Wanda ya warware mini abin kuwa wani dattijo ne da ya fito daga gidan maƙera, bai iya rubuta sunansa da boko ba. Ya ce mini, "Yaro, ka ba shi tauri, ba ka sauke masa fushi ba." Ya ɗauki wani ƙarfen, bayan ya tsoma shi ya goge bakin har ya yi fari, ya sake ɗumama shi a hankali yana kallon launi, daga ruwan kara zuwa ruwan ƙasa zuwa shuɗi-shuɗi, ya tsayar da shi a inda yake so. Wannan ɗumamawar ta biyu ita ce "tempering". Daga baya na gani a littafi cewa launin ruwan karan nan wajen digiri 230 ne, shuɗin kuma wajen 300. Har dabarar da wasu ke yi ta kanga maganaɗisu a jikin jan ƙarfen don su san ya isa tsomawa tana da tushe, domin a wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama maganaɗisu. Idan kuma aka gasa shi aka bar shi ya huce sannu a hankali, a cikin toka misali, don ya yi laushin sarrafawa, wannan "annealing" ke nan. Tsomawar da sauri ita ce "quenching". Kalmomi uku, duk maƙeranmu suna yinsu a gaban zugazugi. Sunan kawai ne baƙo.

Daga nan na gane inda zan sa ƙarfina, kuma nan nake so ka fara. A Hausa muna cewa abu "yana da ƙarfi" mu wuce, amma injiniya ya raba ƙarfin nan gida-gida, kuma malamai na son kama ɗalibai a nan. "Hardness" tauri ne, wato abin ba ya karcuwa ko lotsewa. "Strength" shi ne nauyin da zai ɗauka kafin ya sallama. "Toughness" jure duka ne ba tare da tsagewa ba. "Brittle" kuwa ai muna da kalmarmu mai kyau, gautsi. Gilashi na da tauri, yana da gautsi. Tayar mota ba ta da tauri, amma buga ta da guduma har ka gaji. Akwai kuma "stiffness", ƙin lanƙwasuwa, wanda dabam yake da duk waɗannan: sandar baƙin ƙarfe ta fi ta alminiyon mai kauri ɗaya ƙin lanƙwasuwa kusan sau 3, alhali alminiyon ɗin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne nata. "Ductile" shi ne abin da za a ja ya zama waya, kamar jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki, "malleable" kuma wanda za a buga ya baje bai tsage ba. Idan ka riƙe waɗannan bakwai da misalin abin da ka taɓa riƙewa a hannunka, ka ci rabin zangon farko na darasin kayan ƙira.

Sai tagwayen nan, "stress" da "strain". A titi duk gajiya da damuwa suke nufi. A aji, na farko shi ne nauyin da ke kan kowane ɗan yanki na kaurin abu, ana auna shi da wani ma'aunin matsi mai suna megafaskal, na biyu kuma shi ne yawan miƙewar da abin ya yi idan aka gwada da tsawonsa na asali, ba shi ma da ma'auni, rabo ne kawai. "Yield" a darasin noma amfanin gona ne, a nan kuwa gaɓar da ƙarfe ya lanƙwashe ya ƙi komawa yadda yake. Ɗauki cokali ka ɗan danna, zai dawo. Ƙara ƙarfi, ya tsaya a karkace, ka wuce gaɓar ke nan. Kuma kada ka ce wannan karatun littafi ne kawai. Je kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ka ji ana cinikin rodi mai kaurin milimita 12 da mai 16, a takardar injiniyan gini za ka ga an rubuta Y12, harafin Y ɗin nan daga kalmar "yield" ya fito. Duba kan ƙusa mai zare ta injin mota, za ka ga 8.8 a jiki. Ma'anarsa tana tsinkewa ne a wajen megafaskal 800, tana kuma fara miƙewar da ba dawowa a kashi 80 cikin 100 na wannan, wato 640. Wanda ya cire mai 8.8 ya sa mai 4.6 don kaurinsu ɗaya, ya sayi rigima da kuɗinsa.

"Fatigue" ma haka. Ƙarfe ba ya jin barci, amma idan kana lanƙwasa waya gaba da baya, gaba da baya, za ta karye ba tare da ka taɓa ja da ƙarfin da zai tsinka ta a tashi ɗaya ba. Wannan ce ta hallaka jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila a 1954, suka tarwatse a sama kusa da Italiya, domin kumbura da sacewar jikin jirgin a kowace tafiya ta haifar da tsaga daga kusurwar ramukan da aka yanka a jikinsa. Duk malamin da zai koya maka darasin sai ya kawo wannan misalin. "Creep" kuma ba rarrafe ba ne, saki ne da abu ke yi a hankali cikin dogon lokaci ƙarƙashin nauyi, musamman da zafi, kamar kujerar roba da aka bari a rana da buhu a kanta.

Wani wurin da Hausarmu da Turancin kasuwa ke haɗuwa su ruɗa mutum shi ne sunayen kayan kansu. Mu komai ƙarfe ne, amma "iron" dabam, "steel" dabam, "cast iron" dabam, kuma abin da ya raba su ɗan sinadarin gawayi ne da ke ciki. Wanda masu walda ke yin ƙofa da taga da shi bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, shi ya sa ko ka gasa ka tsoma ba zai yi taurin kirki ba, shi ya sa kuma maƙera ke neman tsohon sifirin mota idan za su yi adda ko wuƙa. Ƙarfen zubi, wato "cast iron", na da sama da kashi 2, ga tauri ga gautsi, ya faɗi ya fashe. Wanda ba ya tsatsa, irin na cokula, sai da aƙalla kashi 10.5 na sinadarin kuromiyom. Mu kan ce tagulla mu haɗa "brass" da "bronze", alhali na farko jan ƙarfe ne da tutiya, na biyu jan ƙarfe ne da kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos. Kwanon rufi da 'yan kasuwa ke kira "zinc", farantin baƙin ƙarfe ne aka yi masa rigar tutiya, a takarda "galvanised" za ka gani. Kwanon silba babu azurfa a cikinsa. Roba kuwa, da bokiti da tayar keke duk roba muke cewa, amma ka rubuta "rubber" a jarrabawa inda ake nufin "plastic" ka ga jan biro.

Idan kana kusa da Kaduna, ka ware Asabar ɗaya ka je Panteka wurin masu zubin tukwane. Ka tsaya ka ga yadda suke danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai laima don ta bar siffarta, su narka alminiyon, wanda digiri 660 ya ishe shi, su zuba. Tukunyar da aka danna ita ce "pattern", ramin yashin "mould", aikin gaba ɗaya "casting". Ka wuce wurin maƙeri mai bugun jan ƙarfe a kan uwar maƙera, wannan "forging". Zubi da ƙira, ka ga ai ka san su. A Kano ma ba ka rasa irin waɗannan wurare. Ka gaishe su da ladabi, ka ce ɗalibi ne kai, yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su.

Kalmar da ta fi kowace cin kuɗi a masana'anta ita ce "tolerance". Ba haƙuri ba ce, ko da yake akwai ɗan kama. Iyakar kuskuren da aka yafe maka ce a awo. In an rubuta 25 da ƙari ko ragin 0.05, to daga milimita 24.95 zuwa 25.05 ne gonarka, ka fita ko da gashi ɗaya ne kayan ya zama na bola. Na ga an yar da aikin yini biyu a kan haka. Tare da ita akwai "clearance", 'yar tazarar da aka bari da gangan, da "play", wasan da ƙarfe ke yi a mazauninsa idan ya ci. Sannan a takardun ƙa'ida ka kula da "shall" da "should": na farko wajibi, na biyu mustahabbi. Haka na fassara wa kaina su, ban sake mantawa ba.

Akwai kuma kalmomin da ka riga ka mallaka ba ka sani ba, don sun zama Hausa: sufana, filaya, noti, giris, boris, walda. Aikin da ya rage shi ne ka koyi yadda ake rubuta asalinsu, domin kundin kayayyaki bai san boris ba, "bearing" ya sani. Kuma lambar jikinsa magana ce. 6204 na nufin ramin tsakiyarsa milimita 20 ne, lambobi biyun ƙarshe ake ninkawa sau 5, sai dai ƙananan daga 00 zuwa 03 da ke da nasu lissafin, 6203 misali 17 ne. In ka ga ZZ a ƙarshe murfin ƙarfe ne gefe biyu, 2RS kuma na roba. Kwalin sandar walda an rubuta E6013, a shago kuma sai ka ji ana cewa geji 12 ko geji 10, wato mai milimita 2.5 da mai 3.2. Lura, a geji lamba na hawa kauri na raguwa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wannan kam haddace shi yau, don injunan Amurka da inci suke zuwa, kuma abin da littafin Ingila ya kira "spanner" na Amurka "wrench" zai ce.

Yadda ni na yi, kuma har yau yaran shagona haka nake sa su: ƙaramin littafi mai shiga aljihu, kowace kalma layi uku. Kalmar, sai bayaninta da Hausarka ta gida kamar kana gaya wa ƙanenka, sai jimla ɗaya da ka kwafo daga inda ka tsince ta, ko littafin janareta ne, ko farantin da ke manne a jikin injin niƙa, ko kwalin sandar walda. In za ka iya ƙara ɗan zane, ya fi. Kalma 5 a rana ta isa. Jerin 500 ɗin nan kuma ka riƙa komawa kansa kana sa alama a kan waɗanda ka riga ka gamu da su a zahiri, zuwa ƙarshen shekara za ka ga yawancinsu sun sami alama.

Lafazi kada ya dame ka, a masana'anta babu mai dariyar harshe ga ƙarar injin. Amma in an miƙo maka zane akwai kalmar da ba ka tabbatar ba, ka tambaya a take ko da a gaban mutum goma ne. Abokin aikin nan nawa har yanzu in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya shafa kunnensa yana dariya. In an ba ku jerin darussan zangon farko ka turo hotonsa nan, zan nuna maka kalmomin da za ka fara da su.