Kwamfuta a Ofis: Rahoton da zai riƙa ɗebo alƙaluma da kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, muna amfani da manhajar haɗa rahotanni ta SAP BusinessObjects. Duk Litinin nakan ciro alƙaluman ciniki in zuba a Excel in tura wa manajoji huɗu, kafin Laraba sun tsufa. An ce mini ana iya mayar da tambayar da nake yi wa rumbun bayanai ta zama sabis na yanar gizo. Me ake nufi, kuma zai yi mana? Daga wata mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zai yi muku ƙwarai. Abin da kike yi yanzu aikin ɗan garuwa ne, shi kuwa sabis ɗin jan famfo ne zuwa ofishin kowa. Tambayar da kike yi wa rumbun bayanai, misali cinikin kowane reshe daga wata kaza zuwa wata kaza, sau ɗaya za ki tsara ta, ki ajiye a saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), a ba ta adireshi irin na shafin intanet. Duk manhajar rahoton da ta taɓa adireshin, nan take saba za ta gudanar da tambayar ta miƙa mata amsar wannan lokacin.

A BusinessObjects tsohon kayan wannan aiki shi ne Query as a Web Service. Yana ɗora tambaya a kan Universe, wato tsarin da ke fassara rumbun bayanai zuwa kalmomin kasuwanci, ya ba ki adireshin WSDL, fayil ɗin da ke bayyana wa manhaja yadda za ta kira sabis ɗin. An fi haɗa shi da Xcelsius, kayan zana allon rahoto, wanda ya dogara da fasahar Flash, kamfanin Adobe kuwa ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020, don haka kada ku bi ta nan. Maimakon haka ku bi ta OData, wani tsarin miƙa bayanai ta adireshin intanet wanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin fasaha ta OASIS ta amince da shi a 2014; Excel da manhajar rahoto ta Power BI duk suna karanta shi. Ki tambayi mai kula da sabarku ko kuna kan sigar BusinessObjects ta BI 4.3, domin sigar tana iya fitar da OData daga rahoton Web Intelligence, kayan haɗa rahoto na cikinta.

Inda nake so ki nutsu shi ne ma'anar alƙaluman. Na taɓa aiki a wani wuri inda rassa biyu suka shafe wata guda suna musu a kan "ciniki": ɗaya yana cire kayan da aka dawo da su, ɗayan ba ya cirewa, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne daidai. Da zarar kin wallafa tambaya, ma'anarki ta zama ta kamfani duka, kuskurenki ma haka. Ki zauna da manajojin nan huɗu ku rubuta a takarda: da haraji ko babu? Kayan bashi suna ciki?

Sai tsaro. Adireshin nan ƙofar sito ce, kada ta buɗe sai da sunan shiga da kalmar sirri, kuma kowa da nasa, yadda manajan reshe ɗaya ba zai leƙa ribar wani ba. A wajabta zaɓen kwanan wata ma, don kada mutum ɗaya ya janyo cinikin shekara biyar da ƙarfe tara na safe saba ta tsaya wa kowa.

Ki fara da tambayar Litinin ɗin nan kaɗai. Ki ci gaba da tura Excel na mako uku kina gwada shi da abin da sabis ya bayar, in sun yi daidai sai ki daina turawa.