Kada ka rufe fumfuna da fenti

Ɗana, ka ce ɗakin da ka yi wa fenti a unguwar Harobanda ta Yamai cikin bazara ya fito da baƙaƙen tabo bayan kabad tun shigowar Agusta, kana tambaya ko ka sake masa hannu ɗaya da fentin mai. A'a. Fumfuna abu ne mai rai. Ka rufe ta yau, kafin damina ta ɗauke ta huda fentin ta fito, mai gida kuma kai zai kira, ba ita ba.

Tukuna ma ka tabbatar ita ce. Ɗiga ruwan Javel, wato bilic ɗin da ake faranta tufafi da shi, a kan tabon. In ya washe cikin minti 2, fumfuna ce. In ya tsaya yadda yake, datti ne. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke ɓarɓashewa a gindin bango kuwa gishiri ne, danshin ƙasa ke turo shi. Gidajen da ke kusa da kogi, irin na Saga da Kirkisoye, sun san shi sosai.

Sai ka bi sawun ruwan. Hau rufi ka duba indararo ko ya toshe, ka duba tsagewar dal, wato rufin kankare, ka ga ko bayan bangon nan makewayi ne. Na taɓa wanke bango ɗaya sau uku, ina ta zagin fenti, ashe bututu ne ke tsatsafa a ciki. Kuɗin aikin duka a kansa ya ƙare.

Wanki ba wuya: gwangwani 1 na Javel, 3 na ruwa. Buɗe tagogi, sa safar hannu, ka rufe hanci. Shafa ka bar shi minti 15, ka goge da buroshi, ka ɗauraye. Kada ka kuskura ka haɗa shi da asid ɗin wanke masai, hayaƙinsa na kayar da ƙato.

Inda ku yara kuke faɗuwa shi ne jira. Bango ya bushe har ciki. Manna leda a kai da salatif, ta kwana. In ka tarar da raɓa a bayanta, da saura. Sabon yaɓen siminti kwana 28 yake so. In mai gida zai haƙura har iskar hunturu ta kaɗa, ya fi. Sannan ka sa fentin ruwa mai kyau, mai maganin fumfuna, don na mai yana kulle danshi ya kumbura.

Kabad ɗin nan kuma, ka ce wa uwargida ta janye shi taƙi ɗaya daga bango.