Na sauya tarmosta, kwamfiresa sai gurnani take ta tsaya: ta ƙone ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida. Ni ɗan koyo ne a wani shagon gyaran firigo a Zengo, nan Damagaram. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ta kawo firigonta na kwance, ta ce ya daina sanyi. Na zargi tarmosta, na sayo sabo na ɗaura. Yanzu in na jona kuran sai kwamfiresa ta yi gurnani kaɗan, sai in ji “ƙas”, ta yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ta sake. Jikinta ya ɗau zafi. Ta ƙone ne in ce Hajiya ta sayi wata, ko ni na rikita wayoyi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka ce wa Hajiya komai tukuna. Kwamfiresa, injin da ke matsa gas yana zagaya firigo, ita ce mafi tsada a jikinsa, kuma abin da ka kwatanta bai isa a yanke mata hukunci ba. Fara da zare filogi ka bar ta ta huce sosai, don duk gurnanin nan da take yi zaren tagullar cikinta ne ke gasuwa.

Tarmosta makunni ne kawai: in ciki ya ɗumama ya haɗa wuta, in ya yi sanyi ya yanke. Tunda kwamfiresa tana gurnani, wuta tana isa gare ta, ke nan sabon tarmostan ya yi aikinsa. “Ƙas” ɗin da kake ji kuwa daga kiliksan yake fitowa, wannan ɗan ƙaramin mai gadi da ke manne a gefen kwamfiresa. Idan ta kasa juyawa sai ta ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da ta saba, kiliksan ya yi zafi ya yanke. In ya huce ya sake haɗawa. A ganina da wuya in tsohon tarmostan ne ya hana sanyi tun farko. Kada ka yar da shi, ka auna shi daga baya.

Akwai abin da masu koyo ke yi bayan ɗaura tarmosta ba su lura ba: murɗa makunnin, kashe, kunna, kashe, don su ga ko yana aiki. Kwamfiresa mai cikakkiyar lafiya ma za ta yi wannan gurnanin in aka tada ta nan take bayan ta tsaya, saboda matsin gas bai daidaita tsakanin mashigar kwamfiresa da mafitarta ba, kuma rele, ɗan abin da ke taimaka mata ta tashi, bai huce ba. A ba ta minti 5 aƙalla. Ka koya wa Hajiya wannan, don ranar da aka ɗauke kuran aka maido nan da nan.

In ka jira kuma ba ta tashi ba, rele nake fara zargi. Buɗe baƙin murfin da ke gefen kwamfiresa, za ka ga ƙusoshi uku, relen yana zaune a kansu. Zare shi a hankali, ka kai kunne ka girgiza. Irin na zamani, PTC, faifai ne a cikinsa mai kamar ƙaramin kwabo. In ya farfashe za ka ji yana kacau-kacau, sau da yawa har da warin ƙuna. Auna shi da mita yana sanyi: mai lafiya yakan ba da om 10 zuwa 50, gwargwadon irinsa. In mita bai motsa ba, ya mutu. Sa wani mai lamba ɗaya da shi. Idan akwai kondansata a haɗe, wato ƴar gwangwanin da ke tara wuta, ita ma a auna ta.

Tun da relen yana hannunka, auna ƙusoshin nan uku, C da S da R, biyu-biyu. Za ka sami lissafi uku, kuma ƙananan biyun in aka haɗa su dole su ba da babban: misali om 12 da om 18, na uku ya zo kusan 30. In wani bai ba da komai ba, zare ya tsinke. Daga nan ɗora ƙafar mita ɗaya kan ƙusa, ɗayar kan bututun tagulla inda ba fenti. Bai kamata ka ga komai ba. In ka ga haɗuwa, wuta na zuba a jikin firigon, kada a sake jona shi, don zai iya kama yaron da ya zo ɗaukar ƙanƙara da jiƙaƙƙen hannu.

Sai ƙarfin kuran. An ƙera waɗannan kwamfiresoshi don bolt 220 zuwa 240. Ka auna a soket a daidai lokacin da take yunƙurin tashi, ba lokacin da take kashe ba. In yana faɗuwa ƙasa da 190, da wuya ta tashi, musamman da bazara in kowa ya kunna fanka. Doguwar waya siririya da aka ja daga ɗaki zuwa zaure, ko ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, duk suna jawo haka. In ta tashi a shagonku, ka je ka auna a gidan Hajiya kafin ka ce an gama.

Idan zare lafiya, rele sabo, kuran daidai, amma mita mai baki, wanda ake maƙala wa waya, ya nuna tana jan amfiya da yawa ba ta juyawa, to ta cije daga ciki. A nan ne kawai za a yi zancen sauyawa. Ina roƙonka kada ka bi masu cire kiliksan su haɗa waya kai tsaye wai don a tilasta mata; kwamfiresar da za ta iya rayuwa ma haka ake ƙone ta.

Koma kan tarmostan naka kuma, don in ta tashi aikinsa zai fito. A yawancin tarmosta masu lamba a inda ake jona wayoyi, 3 da 4 su ne hanyar kwamfiresa, 6 kuma aikinta ya bambanta daga iri zuwa iri, sai ka bi zanen da ke jikinsa. Siririn bututunsa ya koma ramin da tsohon ya fito har ƙarshe, ba lanƙwasa mai kaifi. In ya karye gas ɗin cikinsa ya fita, tarmostan ya tashi aiki. Ka kuma tabbata na firigon ƙanƙara ne. Na firigon ajiye abinci, irin K59, ba ya sake kunnawa sai ciki ya hau kusan digiri 4 sama da sifili, kafin nan ƙanƙarar Hajiya ta fara zama ruwa.

Duba takardar da ke manne a bayan firigon. Harafin N yana nufin an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. Da yawa cikin tsofaffin da ake kawowa daga Turai N ne ko SN, wanda shi ma iyakarsa 32 ce, alhali Damagaram a Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40. Irin wannan kwamfiresa ba ta samun hutu, ga ƙurar hunturu da ta toshe ragar baya. Share ragar da buroshi, ka ce a janye firigon daga bango kamar taƙi ɗaya, a inuwa mai iska. A takardar ne kuma za ka ga irin gas. In R600a ne, yana kama wuta, kuma kwamfiresarsa ba ta shiga wurin ta R134a. Idan har ta kai ga sauyawa, kada ka kusantar da wutar walda sai maigidanka yana tsaye kuma an fitar da gas ɗin duka a fili.