Amsar Yaya kan shan mai in an ɗaura wa a-kori-kura babbar tirela

(Na rubuto muryar da Yaya ya turo zaure, saboda waɗanda ke wurin aiki ba su samu saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ina bakin sito ne ana sauke min lodi, sun ce sai nan da awa guda. Shi ne na ce bari in amsa wa ƙanena tambayar da ya ajiye tun jiya.

Ga wanda bai ji ba, yana da a-kori-kura Ford F-150 mai injin 3.5 EcoBoost, yana jan 'yar tirelar kwana, irin tafi-da-gidankan nan, mai nauyin fam 4,500. Iyali sun ƙaru, Allah Ya raya, yana so ya sauya da mai tsawon ƙafa 30, wadda za ta kai fam 7,500 in an loda ta. Wato wajen kilo 3,400 ke nan, ga 'yan gida da ke cikin zauren. Yanzu yana samun mil 10 da rabi a galan, yana tsoron kada ya faɗo mil 6.

To ƙanena, kwantar da hankalinka, ba za ka faɗo 6 ba, sai dai in ƙafarka ce ta kai ka. Ni na yi irin wannan sauyin, daga ƙarama zuwa babba, da F-150 mai V8. Ina da ɗan littafi a aljihun mota, duk shan mai sai na rubuta mil da galan. Hanyarmu ɗaya ce kullum, daga garin Greensboro zuwa bakin teku a Myrtle Beach, a nan Amurka, mil 200 ne ko kusa da haka, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da ƙaramar ina samun 10.8, da babbar na dawo 9.4. Iyakar abin ke nan. Ni kaina sai da na sake buga lissafin, don na ɗauka kuskure na yi.

Ka san dalili? A kan miƙaƙƙen titi, iska ce ke shan manka. Taya mai isasshiyar iska, ƙarfin da take buƙata ta mirgina bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin da ke kanta ba. Ka ƙara fam 3,000, ja na fam 30 kawai ka ƙara wa injin. Amma ka je ka tsaya a gaban tirelar ka kalle ta. Faɗi ƙafa 8, tsayi ƙafa 10 ko 11, ga na'urar sanyaya ɗaki a bisa kamar an aza mata gammo. Katanga ce guda kake turawa cikin iska, kuma a gudun babbar hanya wannan katangar ja na ɗaruruwan fam take ci. Ƙaramar taka ma in ka auna fuskarta, kusan ɗaya suke da babbar, tsawo ne ya bambanta. Shi ya sa motar da ke ba ka mil 19 ko 20 ba lodi, kana ɗaura mata ko da ƙaramar tirelar kwana sai ta rabe biyu. Babban harajin ka riga ka biya shi tun ranar da ka sayi ta farko. Ko Ford ɗin ma, in ka buɗe littafinsu na jan kaya, bayan nauyi sun sa iyakar faɗin fuskar tirela, wajen murabba'in ƙafa 60 ga F-150. Mutane ba sa karanta wannan shafin. Shi ya sa kuma masu Airstream, waɗannan na alminiyon masu zagaye kamar ƙwai, suke ɗan fin mu sauƙin mai, sai dai kuɗin sayenta ya isa ya shayar da motarka shekara da shekaru.

Yanzu gudu. Nan nake so ka buɗe kunne. Turjiyar iska ba daidai da gudu take tashi ba, ninkin gudu ne a kan kansa. Daga mil 60 zuwa 70 a awa, ita iskar ta ƙaru da kashi 36 cikin ɗari. Daga 55 zuwa 70, ta haura kashi 60. To me ka samu? Tafiyar mil 200, a 70 awa 2 da minti 51, a 60 awa 3 da minti 20. Rabin awa. Kuma wannan rabin awar wallahi a gidan mai za ka mayar da ita. Ga injin naka mai tabo biyu ne, wato turbo, abin da ke danna iska cikin inji ya ƙara masa ƙarfi, ba lodi yana lasar mai kamar kyanwa, amma da zarar ka danne totur tabo ya buɗe, sha yake kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba. Ni 62 nake tsayawa, in shige layin dama, mai sauri ya wuce, Allah Ya kiyaye hanya. Tayoyin tirela da yawa, masu tambarin ST, asali a kan mil 65 aka ƙayyade su, ka duƙa ka karanta gefen naka. A Kalifoniya kuwa doka ce, mai jan tirela 55.

Akwai ranar da muke dawowa daga bakin teku, iska na bugo mu ta gaba, tutocin gidajen mai duk sun miƙe sun nuno mu. Maleji na nuna 65, amma in iskar gaba ta kai mil 15, ita tirela gani take a 80 kake. Ranar 7.6 na rubuta a littafi. Uwargida ta ce ko tanki ya huje ne. Ba abin da ya huje. Da na sauka zuwa 57 sai allura ta daina gudu. Mu direbobin manyan motoci da ke bin babbar hanyar I-80 ta jihar Wayomin mun san wannan karatun, can iska har kifar da tirela take.

Inda nauyi yake fito da haƙoransa shi ne hawa, da tsaya-tashi na cikin gari. Hawa mai kashi 6 cikin ɗari, irin na Old Fort a kan I-40 kafin ka shiga Asheville, wannan ƙarin fam 3,000 ɗin ya zama ja na fam 180, ninki shida na abin da yake a shimfiɗe. Haka Fancy Gap a I-77 in ka nufi Bajiniya, wajen mil 7 kana hawa. A nan za ka ga allon mota na nuna maka mil 4 a galan, kada gabanka ya faɗi, gangara za ta rama maka wani abu, ko da yake ba duka ba, don rabin abin a birki yake ƙonewa. Ka danna maɓallin nan da aka rubuta Tow/Haul tun daga gida. In ka ji giya na kai-komo tsakanin ta 8 da ta 10, ka kulle na saman, ka bar ta ta zauna wuri ɗaya. Giyar da ke farauta mai take ci, zafi take tarawa. Kuma a tudu ka kashe abin riƙe gudun nan, shi ba ya ganin hawa sai ya shiga, sannan ya danne totur har ƙasa. Ƙafarka ta fi shi hankali, ka yarda gudu ya sauka zuwa 50, ba wanda zai kama ka.

Bari mu buga kuɗin, don ba girin-girin ba, ta yi mai. Mil 1,000 a 10 da rabi galan 95 ne. A 9, galan 111. Bambanci galan 16. A ce galan dala 3, dala 48 ke nan. Kai da kake fita sau huɗu ko biyar a shekara, in ka yi mil 2,000, ƙarin bai kai dala 100 ba. Saboda wannan wani zai ce maka ka sayar da motar ka sayi mai dizal. Af, 'yan gida kada ku rikice, abin da muke kira man gas a Najeriya shi ne dizal, a nan kuwa in Ba'amurke ya ce gas fetur yake nufi. Gaskiya ne dizal ya fi fetur ƙarfi a galan, da kashi goma da wani abu, kuma F-250 ko Ram 2500 mai Cummins jan wannan tirelar wasa ne gare su. Amma ka haɗa kuɗin motar, da tsadar dizal a famfo, da ruwan DEF da ake zuba wa dizal don tace hayaƙi, da juyen baƙin mai. Don ragin mai kaɗai, har yaranka su yi aure ba ka mayar da kuɗinka ba.

Abin da zai dame ka a hanya tanki ne. F-150 akwai mai galan 23, akwai 26, akwai 36. In naka 26 ne, a mil 9 iyakarka mil 234, kuma ba mai hankalin da zai shanye shi tas. Ka ɗauka duk mil 170 sai ka tsaya. Kuma da ƙafa 30 a bayanka ba kowane gidan mai ne zai karɓe ka ba. Na taɓa shiga wani ɗan ƙarami a ƙauye da fitilar ƙarewar mai a kunne, na sha man lafiya, fita ta gagara. Minti ashirin ina gaba ina baya, babban yarona na tsaye yana ɗaga min hannu, mutane na kallo da kofi a hannu. Tun daga ranar, tanki na kaiwa rabi nake fara neman wurin manyan motoci. Kuma ka guji famfon E85, wato fetur mai haɗin itanol da yawa, ko da motarka na karɓa, arha ne a galan amma mil ɗinsa kaɗan ne, tankin zai ƙara gajarta.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi tsaya min a rai. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda mai rawaya a jikin ginshiƙin, ta rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Dillali ba zai nuna maka ita ba, lambar ja zai faɗa maka, ya ce ai tana jan fam 11,000. Tirela kuwa kashi 10 zuwa 15 na nauyinta a kan ƙugiyar motarka yake sauka. A ce 13, cikin 7,500, fam 975. Ƙugiyar raba nauyi ita kanta ta kusa 100. Kai da mai ɗaki da yara huɗu, a ce 600. Mun kai 1,675, ba a sa kula da keken yara da tukunyar gas ba. In takardarka ta ce 1,600, ka riga ka wuce tun ba ka tayar da mota ba. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf, babbar mota irin tawa ta wuce ka ka ji tirela na kaɗa wutsiya. Wannan ya fi dala 48 ɗin can nisa. Kuma nauyin da suke rubutawa a talla na tirela ce wayam, ba ruwa ba kaya. Ka duba mafi girman nauyin da aka yarda mata, da shi za ka yi lissafi. Ruwa kaɗai galan ɗaya fam 8.3 ne, tankin galan 40 fam 330 da 'yan kai. Ka tafi da kaɗan na alwala da bayan gida, ka cika in ka isa.

Sai ƙananan abubuwa. Iskar taya da safe kafin rana ta taɓa ta, mota da tirela duka. In kun yi tafiyar rabin awa ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa. Tirelata da na saye ta, ƙafa ɗaya ta hagu birkinta na kamawa, zafi kamar kaskon suya, wanda ya sayar min bai gaya min ba, ni kuma ina ta zargin injin. Aka sassauta, aka sa giris a boris, mai ya dawo daidai. Lambar da allon mota ke nuna maka kuma kada ka rantse da ita, tawa kullum sai ta ƙara min. Cika tanki, rubuta mil, ka sake cikawa ka raba da hannunka, tanki uku a jere.

To ga shi suna buga min ƙofa, sun gama da wuri. Ƙanena, ka ɗauki hoton takardar ƙofar nan da ta gefen tirelar da kake so, ka turo min ta akwatina. In dillalin ya yarda a gwada ta, ranar Asabar ina gida, mu ja ta zuwa CAT Scale, wurin awon manyan motoci, mu ɗora a sikeli, da yaran duka a ciki. A gaida mutan gida. Sai an jima.