Hukuncin Ɓoye Yawan Iyali Lokacin Ƙidaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan unguwar Aboabo ne a Kumasi, ƙasar Gana. A ƙidayar 2021 mahaifinmu ya ce ƙirga 'ya'ya yana jawo baki, kuma Allah kaɗai ke da lissafin bayinsa. Mu goma sha huɗu ne a gida, ya sa aka rubuta bakwai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙidayar jama'a halal ce, tana da asali a Sunna. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, ana rubuta sunayen mutane ƙabila-ƙabila don rabon dukiyar Baitulmali.

Kambun baka gaskiya ne, ba na musu. Sai dai maganinsa zikiri, Falaƙi da Nasi, da faɗin "Masha Allah". Ƙarya ba ta cikin magungunan da Shari'a ta koyar. Adadi kuwa ba ya gaggauta ajali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutarwar. Na ga ma'aikatan ƙidaya suna rubuta lamba da alli a bangon gidajen zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, suna shigar da amsoshi a kwamfutar hannu. Daga nan aka fitar da cewa mutanen Gana miliyan 30.8 ne, Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari. Da irin waɗannan alƙaluma gwamnati ke auna inda za a ƙara aji, famfo ko asibiti. Yaran nan bakwai da aka ɓoye za su shiga makaranta, za su bi layin ruwa, amma babu su a lissafi. Haƙƙinsu da na maƙwabta aka tauye, sannan mu dawo muna kukan an manta da zango.

Mahaifinku tsoro da soyayya suka sa shi, don haka kada ka ɗaga masa murya. Ka karanta masa hadisin Huzaifa cikin ladabi, ya yi istigfari. Idan wata ƙidayar ta zo, ku faɗi yawanku daidai, har da jaririn goye da almajirin da ya kwana a zaure a daren ƙidaya.

Wallahu a'alam.