Filin Wasa Ƙwaƙwalwa: Amsoshin Wasiƙunku

Daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Ringim: Assalamu alaikum. Na ba 'yan aji shida tambayar mai fito da zai haye kogi da kura, da akuya, da damin harawa, alhali kwale-kwalensa daga shi sai abu guda yake ɗauka. In ya bar kura da akuya, kura ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, ta cinye harawa. Yara sun cije a hayewa ta uku. Yaya zan koya musu su gane, ba hadda kawai ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Fitar da su waje, ka ja layi a ƙasa a matsayin kogi, ka ba su dutse, da kara, da ganye su tsaya a madadin kura da akuya da harawa. Sai ka tambaye su: a cikin ukun nan, waɗanne biyu ne za a bari tare ba a yi ɓarna ba? Kura da harawa ne kaɗai. Ke nan dole akuya ce ta fara hayewa. Mai fito ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki kura ya haye da ita, kuma a nan yaranka suka cije, domin sun ɗauka abin da ya riga ya haye ba ya dawowa. Babu inda tambayar ta hana. Ya ajiye kura, ya komo da akuya, ya sauke ta, ya haye da harawa ya bar ta wajen kura, ya dawo hannu rabbana, ya ɗauki akuya. Hayewa bakwai ke nan, tafiya huɗu, dawowa uku, kuma ba ta yiwuwa a ƙasa da haka. In a karo na uku harawa aka ɗauka maimakon kura, shi ma daidai ne, kada ka kayar da yaron da ya bi ta nan.

Tambayar ta daɗe a duniya. Tana cikin wani kundin tambayoyin lissafi da ake jingina wa Alkuyin, malami mutumin Ingila da ya koyar a fadar Sarki Sharliman wajen shekarar 800 miladiyya, sai dai a can kyarkeci ne da akuya da kabeji. In yaran sun gane, sauya musu sharaɗi: kwale-kwale ya ɗauki abu biyu. Wanda ya fahimta zai ce hayewa uku, a kai kura da harawa tare, a dawo a ɗauki akuya.

Daga wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Dambatta: Ɗana ya zo mini da wannan daga makaranta. Jarka cike da man gyaɗa lita 8, ga galan mai cin lita 5 da wani mai cin lita 3, duka babu komai ciki, kuma babu alamar awo a jikinsu. Wai a raba man gida biyu daidai.

Hajiya, sharaɗi ɗaya za ki riƙe: duk zubin da aka fara, ba a tsayawa sai wanda ake zuba wa ya cika, ko wanda ake zubawa daga cikinsa ya ƙare. Kintace da ido ba ya ciki. Ɗanki ya ɗauki takarda, bayan kowane zubi ya rubuta lambobi uku: abin da ke jarka, da na babban galan, da na ƙarami. Ana farawa da 8-0-0.

A cika babban galan daga jarka, 3-5-0. A cika ƙarami daga babban, 3-2-3. A juye ƙarami cikin jarka, 6-2-0. Lita 2 da suka rage a babban a mayar da su ƙarami, 6-0-2. A sake cika babban daga jarka, 1-5-2. Yanzu ƙarami lita ɗaya tak yake nema ya cika, don haka in an ƙarasa shi daga babban sai a samu 1-4-3. A juye ƙarami cikin jarka, 4-4-0. Zubi bakwai. In da ƙaramin galan aka fara cikawa, nan ma za a isa, amma sai an yi takwas.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne rashin rubutawa. Mutum ya yi zubi huɗu ko biyar, sai ya tarar ya komo inda ya taɓa tsayawa bai sani ba, ya yi ta kewaye. Hanya ɗaya ake bi kada a sauya: jarka ta ba babba, babba ya ba ƙarami, ƙarami in ya cika ya koma jarka. Da wannan tsarin za a raba lita 10 da galan mai 7 da mai 3, a zubi tara. Amma in aka ce lita 10 da galan mai 6 da mai 4, kada ya wahalar da kansa. Duk lambobin cika ne, suna rabuwa biyu daidai, kuma ko sau nawa aka haɗa ko aka ɗebe cika daga cika, cika za a samu. 5 kuwa mara ce, ba za ta taɓa fitowa ba.

In za ku gwada a gida ku yi da ruwa. Galan da aka ce na lita 5 ne yakan ci fiye da haka in an cika shi har baki, mai kuma yana maƙalewa a jikin roba, don haka wannan ba hanyar auna wa mai saye ba ce.

Daga wani manomi a Kura: Mutum uku sun haɗa dubu goma-goma suka aiki yaro ya sayo buhun taki na dubu 30. Mai shago ya rage dubu 5. Yaro ya soke dubu 2, ya mayar wa kowa dubu ɗaya. Kowa ya biya dubu 9 ke nan, jimilla 27, a haɗa da 2 na yaro, 29. Ina dubu ɗaya?

Babu kuɗin da ya ɓata, ɗan'uwa, haɗin ne aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Dubu 2 na yaro suna cikin 27 ɗin nan tun farko: 25 a aljihun mai shago, 2 a na yaro. Wanda ya sake ƙara su ya ƙirga su sau biyu. Abin da ake ƙara wa 27 shi ne dubu 3 da suka koma hannun masu kuɗi, a samu 30.

Daga wani dillalin dabbobi da ke cin kasuwar Maigatari: Wai mutum ya bar raƙuma 17, ya ce babban ɗansa ya ɗauki rabi, na biyu sulusi, auta kashi ɗaya cikin tara. Wani dattijo ya ara musu raƙuminsa suka zama 18, aka ba su 9 da 6 da 2, ya kora nasa ya tafi. Anya ba a cuci kowa ba?

Ba a cuci kowa ba, Alhaji, hasali ma kowa ƙari ya samu. Rabin 17 takwas da rabi ne, babba ya tashi da 9. Sulusi bai kai 6 ba, na biyu ya samu 6 cif. Auta ma nasa bai kai 2 ba. Dalili shi ne kason da uban ya faɗa bai cinye garken duka ba. In aka yanka abu gida 18, rabi gida 9 ne, sulusi 6, ɗaya cikin tara 2, jimilla 17, saura gida guda da bai ambaci mai shi ba. Wannan rarar ce aka watsa musu gwargwadon kason kowa, raƙumin aro kuwa ya zo ne kawai ya cika 18 don lissafi ya tafi ba a yanka dabba ba.

Dabarar ba kullum take ci ba. Da uban ya ce rabi, sulusi da sudusi, za a ba su 9 da 6 da 3, duka 18 sun tafi, dattijo ya koma gida a ƙasa. Tana aiki a raƙuma 11 da rabi, rubu'i, sudusi, ko 19 da rabi, rubu'i, humusi. Muna roƙo kada a ɗauki wannan a matsayin rabon gado. A shari'a 'ya'ya maza kasonsu ɗaya ne, babba da auta, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Gado na gaske a kai shi wajen malamai ko alƙali.

Daga wani ɗalibin sakandare a Birnin Kudu: Yaya ake jera 1 zuwa 9 a hatimi mai gida tara, ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimilla ɗaya? Na yi ta gwadawa na gaji.

Ɗanmu, ka gaji ne don kana jefa lambobi da ka. Mu lissafin hatimin kawai za mu duba. Jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku ne a kwance, ke nan kowanne 15. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Ɗebe 45 daga 60, saura 15, wato lambar tsakiya sau uku, don haka 5 ce dole. Gidan kusurwa layi uku ke bi ta kansa, amma 1 hanya biyu kawai take da ita ta kai 15, ko da 5 da 9, ko da 6 da 8, saboda haka ba ta zama a kusurwa. Haka 3 da 7 da 9. Kusurwoyi na 2, 4, 6, 8 ne. Layin sama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2.

Wannan ilimi yana da tushe a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya kamata ɗalibanmu su san sunansa.

Ga wata sananniyar hanya da za ka gina mai gida 25, inda kowane layi ke ba da 65. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ta hau gida ɗaya sama, ta matsa ɗaya dama. In ta fita ta sama, ta shigo ta ƙasan wannan layin na tsaye. In ta fita ta dama, ta shigo ta hagu. In ka tarar da gida a cike, ka sa ta a ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Hakan zai faru bayan 5, 10, 15 da 20, in ya faru a wani wuri to ka yi kuskure a baya. An fi tuntuɓe a 15, wadda ke faɗawa kusurwar sama ta dama: 16 a ƙarƙashinta take zama. In ka yi daidai, layin sama zai fito 17, 24, 1, 8, 15, kuma 13 na tsakiyar hatimin.

Mai gida 16 ba ya bin wannan hanya. Rubuta 1 zuwa 16 a jere, huɗu-huɗu. Lambobi takwas da ke kan layukan karkace biyu, kowacce ka ɗebe ta daga 17 ka rubuta abin da ya rage a gurbinta, sauran ka bar su inda suke. Layin sama zai zama 16, 2, 3, 13, na ƙasa 4, 14, 15, 1, kowane layi kuma 34.